Amsoshin Wasiƙunku: Shin Sherlock Holmes Ɗan Dambe Ne?

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun taɓo abu guda, wato fim ɗin Sherlock Holmes da darakta Guy Ritchie ya fitar a ƙarshen shekarar 2009, wanda Robert Downey Jr. ya fito a matsayin Holmes, Jude Law kuma a matsayin abokinsa Dakta Watson. Fim ɗin ya kwana biyu, amma har yau yana yawo a wayoyin matasa daga Garwa zuwa Injamena, galibi da muryar Faransanci, kuma ga alama bai daina haddasa musu a majalisun shayi ba. Na haɗa wasiƙun wuri ɗaya, na taƙaita su, zan kuma amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Garwa: Malam, ina gaisuwa. Musu ne ya haɗa ni da kawuna, wanda tsohon malamin makaranta ne. Mun zauna kallon fim ɗin tare a gida, bai kai rabi ba ya tashi ya ɗauki butarsa, ya ce wannan ba Holmes ɗin da ya karanta da Faransanci tun yana ɗan makaranta ba ne, wai an mayar da dattijo mai natsuwa ɗan dambe da tsalle-tsalle. Ni kuwa fim ɗin ya burge ni ƙwarai. Wane ne mai gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Ɗana, kafin komai ka isar mini da gaisuwa ga kawun naka, domin mutumin da zai bar gaban talabijin saboda kishin littafin da ya karanta tun yana yaro ya cancanci a saurare shi da kunnen basira. Yana da gaskiya a ƙorafinsa, sai dai laifin da ya gani ba a damben yake ba, kuma zan nuna maka inda yake.

Bari mu fara da damben. Arthur Conan Doyle, likita haifaffen birnin Edinbara a Sikotland, ya fitar da labarin Holmes na farko a 1887, ya ci gaba da rubutawa har 1927, ya bar dogayen labarai 4 da gajeru 56. A littafin farko, lokacin da Watson ya kama hayar ɗaki tare da Holmes a gida mai lamba 221B a titin Baker na Landan, ya zauna ya jera abin da sabon abokin zaman nasa ya iya da abin da bai iya ba, kuma a cikin jerin ya rubuta cewa gwani ne a dambe, da wasan takobi, da faɗa da sanda. Holmes ɗin da muka haɗu da shi a wannan littafi saurayi ne mai jini a jika. A littafi na biyu, na 1890, wani tsohon ɗan damben kuɗi da yake gadin ƙofar wani gida ya hana su shiga, sai Holmes ya tuna masa cewa sun taɓa karawa turmi uku, nan take mutumin ya gane shi, ya ce da ya riƙi dambe sana'a da ya yi nisa. A wani gajeren labari, wani ƙaton likita mai zafin rai ya shigo ɗakin Holmes yana barazana, ya ɗauki ƙarfen tona wutar murhu ya lanƙwasa shi da hannu ya jefar, bayan ya fita Holmes ya ɗauki ƙarfen ya miƙar da shi. A labarin 1903 kuwa, inda ya dawo bayan an ɗauka ya mutu, ya shaida wa Watson cewa da wata kokawar Jafanawa ya kuɓuce daga riƙon abokin gabarsa Farfesa Moriarty a bakin mazubar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Suwizalan. Hatta harbin bangon ɗaki da bindiga da ka gani a fim ɗin, da ƙazantar ɗakin, da kaɗa goge a lokacin da mutane ke barci, duk suna da tushe a rubutun Doyle.

To, daga ina hoton dattijon nan mai natsuwa ya fito? Ya taru ne a hankali daga hannun wasu. Hular nan mai baki gaba da baya mai zane Sidney Paget ne ya ɗora masa a hotunan da ya yi wa mujallar Strand daga 1891. Lanƙwasasshen lofen taba ya shahara ne daga ɗan wasan dandamali William Gillette, wanda ya fara fitowa a matsayin Holmes a 1899. Daga nan Basil Rathbone ya yi finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, sai siffarsa ta zauna a zukatan mutane, har wanda ya karanta littafin ma idan ya rufe ido ita yake gani. Saboda haka da masu shirya fim ɗin 2009 suka cire hular suka dawo da dunƙulallen hannu, sun dawo da wani abu ne da aka daɗe da yarwa.

Yanzu ga inda nake tare da kawunka. A farkon littafin nan na 1890, Watson ya miƙa wa Holmes wani agogon aljihu da ya gada, ya ce ya faɗi halin mai shi. Holmes ya juya agogon, ya buɗe bayansa, ya duba da tabaron ƙara girma, sannan ya ce na yayan Watson ne, mutum ne da aka bar wa dukiya ya watsar, ya yi ta shiga talauci yana fita, daga ƙarshe giya ta kashe shi. Ran Watson ya ɓaci, ya zargi abokinsa da yin bincike a ɓoye kan ɗan'uwansa. Sai Holmes ya ba shi haƙuri, ya bi da shi dalla-dalla. Agogo ne mai tsada amma ya lotse ya ƙarje, alamar ana cusa shi aljihu ɗaya da makullai da kwabbai, kuma mai yi wa kayan tsada haka ba mai kula ba ne. A cikin murfin akwai lambobi huɗu da aka kanƙara da tsinin allura, irin waɗanda masu karɓar jingina suke yi, alamar an jinginar da shi sau huɗu an kuma fanso shi sau huɗu. A gefen ramin da ake sa mabuɗi a ɗaura agogon akwai ƙarce-ƙarce birjik, aikin hannun da yake rawa da dare. Mai karatu yana gama wannan shafi sai ya ji kamar shi ma da an ba shi agogon da zai iya, kuma wannan jin shi ne zumar labaran gaba ɗaya. Fim ɗin ya ari wannan magana ta agogo, amma ya wuce ta a guje a bakin titi cikin ƴan daƙiƙu. Haka ya yi da sauran alamomin: kyamara tana gilmawa ta kan kwalabe da matattun dabbobi da ganyaye a ɗakin wani mai haɗa sinadarai, ba a ba ka lokacin da za ka tsaya ka yi tunani ba, sai a ƙarshe a kan gada Holmes ya zazzage maka bayanin kusan komai a numfashi ɗaya. An mayar da kai ɗan kallo zalla, alhali Doyle yana ɗaukar mai karatunsa abokin bincike.

Akwai dabara ɗaya da na yaba wa Ritchie a kanta. A wurin damben nan da ake caca a kai, an nuna Holmes yana tsara faɗan a zuciyarsa kafin ya kai hannu, hoto yana tafiya sannu-sannu: zai jefa hankici a fuskar abokin karawar, ya tare naushi, ya mari kunnuwa biyu, ya bugi muƙamuƙi da haƙarƙari, ya ƙare da shuri a ƙirji. Sannan a maimaita abin cikin ƙiftawar ido. Nuna tunani da kyamara abu ne mai wuya, kuma a nan an yi nasara. Abin da ya dame ni shi ne, wannan kyakkyawar dabara an fi kashe ta a kan karya ƙashi fiye da warware matsala.

Babbar asara kuwa a ganina ita ce ta ƙananan mutane. Waɗanda suke hawa matakalar gidan Holmes a littattafan sau da yawa talakawa ne: budurwar da aka yi wa tayin aikin reno da albashi mai tsoka bisa sharaɗin ta yanke gashinta, mai kantin jingina da ake biya don ya zauna yana kwafar littafi ba tare da ya san dalili ba, mutumin da ya yar da hularsa da dinyar da zai kai gida ranar biki. Holmes yana zama ya saurare su kamar yadda zai saurari sarki. A fim ɗin kuwa mugu yana shirin hallaka ƴan majalisar dokokin Ingila ne da iskar guba, a kashi na biyu na 2011 kuma maganar tayar da yaƙi tsakanin ƙasashen Turai ake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90, ya kuma tara sama da dala miliyan 500 a duniya, an gina shi ne don ya sayu a ƙasashen da ba a jin Turanci, kuma fashewar bam ba ta buƙatar tafinta. Ka koma wurin kawunka ka karɓi littafin, ka roƙe shi ya dawo ku ƙarasa fim ɗin, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya gani.

Tambaya, daga wani magidanci ɗan kasuwa a Kusiri: Malam, na shiga ɗaki na tarar da yarana suna kallon wannan fim a waya, na ga ana zana da'ira a ƙasa, ana karanta surkulle a kan wata mace da aka kwantar, sai na karɓe wayar. Shin fim ɗin tsafi ne? Ya dace in bar su su kalla?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri bisa sa ido a kan abin da yara ke kallo, domin da yawa daga cikinmu mun bar wannan aiki a hannun masu tura finafinai a rumfunan cajin waya. Hukunci na addini malamai ne masu shi, ni abin da zan iya yi shi ne in gaya maka abin da ke cikin fim ɗin daga farko har ƙarshe, ka yanke shawara da saninka.

Abin da ka gani farkon fim ɗin ne. Mugun labarin, Lord Blackwood, wanda Mark Strong ya fito a matsayinsa, babu shi a littattafan Doyle, masu fim ne suka ƙirƙire shi. Ya kashe mata biyar da sunan tsafi, aka kama shi, aka rataye shi, Dakta Watson da kansa ya taɓa jijiyarsa ya tabbatar ya mutu. Bayan kwanaki sai aka tarar da dutsen kabarinsa a farfashe, mai gadin maƙabarta ya ce ya gan shi yana tafiya da ƙafarsa. Gari ya ruɗe, manyan mutane suka fara miƙa masa wuya saboda tsoro. Amma a ƙarshe Holmes ya warware komai ɗaya bayan ɗaya. An saye mai ratayewa, an sa wa Blackwood wata ƙugiya da ɗamara a ƙarƙashin riga da suka ɗauke nauyinsa daga wuya. Ya sha wani magani da aka tatso daga wata shuka, mai kwantar da bugun jini har likita ya kasa ji. Dutsen kabarin tun farko an fasa shi aka manne da wani danƙo. Mutumin da wuta ta kama a gaban jama'a lokacin da ya ɗaga bindiga zai harbe shi, an riga an jiƙa masa tufafi da wani ruwa mai kamawa da wuta, tartsatsin bindigarsa ne ya cinye shi. Babu aljani ko ɗaya a labarin, akwai sinadarai, da cin hanci, da mutumin da ya gane cewa tsoro yana buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗewa.

A wannan fuska fim ɗin ya bi sawun Doyle sosai. Shahararren labarinsa na karen gidan Baskerville, wanda ya fara fitowa a 1901, a kan wani kare ne da mutanen ƙauye suka ɗauka na aljanu ne saboda yana walƙiya da dare, ashe ƙaton kare ne da wani mai kwaɗayin gado ya shafa wa sinadari mai haske. Doyle kansa a ƙarshen rayuwarsa ya shiga harkar masu da'awar magana da ruhohin matattu, ya yi ta yawon wa'azinta, amma bai taɓa barin Holmes ya warware wata matsala ta wannan hanya ba.

Kai da kake kasuwa a bakin iyaka ka fi ni sanin masu zuwa da baƙaƙen takardu da ƴar kwalba su ce kuɗi ne da za a wanke, da masu alkawarin ninka sefa a cikin ƙwarya, irin waɗanda a kudancin Kamaru ake kira feyman. Aikinsu da na Blackwood iri ɗaya ne: ɗan sinadari, ɗan siddabaru, sai kuma tsoro ko kwaɗayin wanda za a cuta. Yaron da ya kalli fim ɗin har ƙarshe tare da babba mai yi masa bayani zai iya fita da tambaya mai amfani a bakinsa, wato yaya aka yi wannan abu. Wanda aka karɓe wa waya a minti na biyar kuwa da hoton surkullen kawai zai kwana.

Duk da haka akwai abin dubawa. A Amurka an sa wa fim ɗin alamar jan hankalin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, a Ingila kuma ƴan ƙasa da 12 ba sa shiga silima su kalle shi sai da babba. Akwai duka mai tsanani, da gawarwaki, da ratayewa, da shan giya, da caca, da wani wuri da aka bar Holmes ɗaure a kan gado babu tufafi. Ni dai ba zan bar ƙananan yara su kalla ba. Matasa kuwa, ka fara kallo kai kaɗai, idan ka gamsu ku zauna tare.

Tambaya, daga wani tela a Gaundare: Malam, wani abokin aikina ya rantse cewa Sherlock Holmes mutum ne na gaske, har gidansa yana nan a Landan ana ziyarta. Haka ne?

Amsa: Malam, abokinka ya ji ƙamshin gaskiya. Holmes ƙagaggen mutum ne, amma akwai gidan tarihi a titin Baker da aka buɗe a 1990, aka ƙawata shi kamar yadda littattafan suka siffanta ɗakinsa, kuma shekara da shekaru mutane daga ƙasashe daban-daban suna aika wasiƙu zuwa wannan adireshi suna neman taimakonsa. Mutumin gaske da ke bayan labarin shi ne Dakta Joseph Bell, malamin Doyle a makarantar likitanci ta Edinbara, wanda yake duban majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito daga hannuwansa, da tafiyarsa, da taɓon da ke takalminsa, tun kafin ya buɗe baki. Doyle da kansa ya amsa cewa daga wurin Bell ya ɗauko wannan hali. Kai ma da kake tela na tabbata kana iya duban riga ka gane ko ɗinkin Gaundare ne ko na Kano, ka kuma gane ko mai ita ya rame bayan an ɗinka. Ilimin ɗaya ne.

Tambaya, daga wata malamar makarantar sakandare a Marwa: Malam, abin da ya ja hankalina shi ne Watson da kuma matar nan Irene Adler. Na saba jin cewa Watson wani sakarai ne mai bin Holmes a baya, amma a fim ɗin na ga jarumi. Ita kuma matar, haka take a littafi, ɓarauniya mai riƙe wuƙa?

Amsa: Malama, a kan Watson fim ɗin ya yi adalci, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi so a cikinsa. Watson na littafi likitan soja ne da ya je yaƙin Afganistan, aka harbe shi a gwabzawar Maiwand ta 1880, ya dawo Landan da rauni da ƴan kuɗin sallama. Shi ne mai ɗaukar bindiga idan za a fita da dare, shi ne mai ba da labarin, kuma shi ne mai ƙarfin halin da yake duban Holmes ido da ido ya yi masa faɗa a kan allurar hodar iblis da yake yi wa kansa, a zamanin da doka ba ta hana ta ba. Siffar sakarcin ta bazu ne daga finafinan Rathbone, inda Nigel Bruce ya fito a matsayin Watson mai ban dariya. Jude Law ya dawo da sojan, har da ɗingishinsa da sandarsa. Abin da aka sauya shi ne labarin aurensa. A littafi, Mary Morstan ta zo wurin Holmes ne da matsalarta, a nan Watson ya gan ta ya so ta, amma a fim an nuna kamar Holmes bai taɓa ganinta ba sai a wurin cin abincin dare, inda ya yi mata karambanin karanta rayuwarta har ta watsa masa abin sha a fuska.

Irene Adler kuwa an yi mata rashin adalci, ko da yake an faɗaɗa matsayinta. A cikin labarai 60, a guda ɗaya tak ta fito da kanta, na 1891. Mawaƙiyar dandamali ce haifaffiyar Amurka, tana riƙe da hoton da ta ɗauka da wani sarkin Bohemiya, sarkin kuma yana son a ƙwato hoton kafin ya yi aure. Holmes ya shirya dabarar ihun gobara don ta nuna inda ta ɓoye shi, dabarar ta ci, amma matar ta gane wanda ya shirya mata, ta sa kayan maza ta bi shi har ƙofar gidansa ta yi masa sai da safe, kafin gari ya waye ta bar ƙasar tare da mijin da ta aura, ta bar masa wasiƙa. Ta riƙe hoton ne don ta kare kanta daga mai ƙarfi, ba ta saci komai ba, kuma Watson ya faɗa a fili cewa abin da Holmes yake ji game da ita ba soyayya ba ce, girmamawa ce. A fim ɗin Rachel McAdams ta fito a matsayin ɓarauniya, tsohuwar masoyiya, mai yi wa Moriarty aiki, wadda sai da Holmes ya ceto ta daga zarton mahauta. An ɗauke mace guda da ta kayar da Holmes da basira, aka ba ta wuƙa, aka karɓe mata nasararta. Idan kina neman abin da za ki karanta wa ɗalibanki mata, wannan gajeren labari bai wuce zama ɗaya ba, akwai shi da Faransanci da Turanci, ana samunsa kyauta a intanet domin haƙƙin mallakar rubutun Doyle ya ƙare, kuma tsofaffin bugu sukan faɗo a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi.

Tambaya, daga wani matashi mai sha'awar shirya fim a Injamena: Malam, mu da muke ɗaukar ƙananan finafinai da waya, za mu iya yin irin wannan da Hausa? Ba mu da kuɗin fasa jirgin ruwa ko gina gada.

Amsa: Ɗana, gadar nan da aka yi faɗan ƙarshe a kanta, wadda aka nuna ana cikin gininta, gada ce ta gaske a kan kogin Thames, an gina ta tsakanin 1886 da 1894, kuma mafi yawan abin da ka gani da kwamfuta aka zana shi. Wannan kam ya fi ƙarfin aljihunka, amma shi ne ɓangaren da labarin bincike ya fi iya rayuwa babu shi. Abin da ba ya rayuwa babu shi kana da shi a ƙofar gida.

Ina yaro, a wani ƙauye da ke bakin kogin Binuwai, an sace wa maƙwabcinmu bijimi da dare. Da asuba aka kira wani tsoho mai bin sawu, siriri, da sanda da ƴar gora a kafaɗa. Bai ce wa kowa komai ba. Ya hana mutane shiga garken, ya tsuguna a bakin ƙofa har rana ta ɗan ɗago ta yi inuwa a cikin sawun. Sannan ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ja ɗaya yana kora, mai jan yana sanye da takalmin taya da aka yi wa faci a dunduniyar hagu, mai korar kuma yaro ne domin takunsa gajere ne. Ya ce sun fita kafin raɓa ta sauka, tun da ta kwanta a cikin sawun kamar yadda ta kwanta a gefensa. Ya ƙara da cewa bijimin ya san mai jansa, domin babu inda ya turje ya ja ƙasa da kofato. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa mai bijimin ya yi shiru ya sunkuyar da kai, saboda ta rage masu laifin zuwa mutanen da suke shiga gidansa. Ban taɓa mantawa da shirun nan ba, kuma ban ga fashewar da ta kai shi ƙarfi a wani fim ba.

Larabawa suna da wannan ilimi tun da daɗewa, suna kiransa kiyafa da firasa, kuma akwai tsohon labarin ƴaƴan Nizar da suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba: suka ce mai ido ɗaya ne domin gefe ɗaya na ciyawa ya ci, suka ce guntun wutsiya gare shi domin kashinsa a tare yake bai warwatsu ba. Makiyaya da mafarauta daga gaɓar tafkin Chadi har tsaunukan Adamawa suna aiki da shi har gobe. Faransawa ma sun nuna cewa ana iya ɗauko tsohon gwarzon littafi a dasa shi a sabuwar ƙasa, domin a 2021 an fitar da shiri mai dogon zango da Omar Sy ya jagoranta, a kan ɗan wani baƙo daga Senegal da yake koyi da Arsène Lupin, ɓarawon nan na littattafan Maurice Leblanc, a birnin Paris na yau. A ƙasarku kuma Mahamat-Saleh Haroun ya karɓo kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010 da fim mai natsuwa da aka ɗauka a Chadi, wanda ƙarfinsa yake a fuskokin mutane.

Shawarata ita ce ka fara rubuta ƙarshen labarin, ka san wanda ya yi laifin da yadda ya yi, sannan ka dawo baya ka shuka alamomi uku ko huɗu a inda kyamara za ta tsaya a kansu har mai kallo ya gan su da kyau, ko da bai gane ma'anarsu ba a lokacin. Ka ba mai bincikenka aboki mai hankali da zai riƙa yi masa tambayar da ƴan kallo suke son yi. Ka zaɓi matsala daidai girman unguwa, kamar kuɗin adashi da suka ɓace daga akwatin da ke kulle, ko buhun hatsi da ya sauya nauyi tsakanin Kusiri da Injamena. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je kasuwar dabbobi ranar da take ci, ka nemi tsohon da ake kira idan an yi sata, ka saya masa goro, ka roƙe shi ya bar ka ka bi shi fita ɗaya.